Yadda Ilmin Kwamfuta Ya Shiga Rayuwar 'Yan Nijeriya

A shekarar 1988 ne Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da ilmin kwamfuta a makarantun Nijeriya, aka kuwa fara da kwalejojinta. Amma shirin bai yi nisa ba, saboda ƙarancin malamai, da tsadar na'urori, da rashin tsayayyar wutar lantarki. Ɗalibai da yawa sun haddace sunayen sassan kwamfuta daga allo, alhali ko taɓa ta ba su yi ba.

Canjin da aka nema a aji sai ya ɓullo ta wata kafa dabam. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan, layukan wayar ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu a ofisoshi da gidajen manya. Zuwa ƙarshen 2012 sun haura miliyan 100.

Ta wannan waya ce ɗan kasuwa ya koyi tura kuɗi, ɗalibi ya koyi shiga intanet. Sai dai wannan sani yana da iyaka. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, an sami yara, musamman na karkara, waɗanda suka ƙware da waya amma ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Lalle aikin da aka ɗora wa makarantu tun 1988 yana nan yana jiransu.