Jan ƙafa a aiki

Jan ƙafa a aiki shi ne mutum ya ɗage abin da ya yi niyyar yi, alhali ya san ɗagewar za ta cutar da shi. A Turanci ana kiransa procrastination, daga harshen Latin, inda kalmar cras take nufin "gobe". Ba kowane jinkiri ne jan ƙafa ba. Manomin da ya dakata da shuka har ruwa ya zauna lissafi ya yi, kuma irin nasa ne ake ce wa wani jinkirin alheri ne. Haka kuma jan ƙafa ya bambanta da lalaci: malalaci bai damu da aikin ba, shi kuwa mai jan ƙafa aikin yana ransa yana cinsa, sau da yawa ma yakan shagala da shara ko wanki ko duba saƙonnin waya don kada ya fuskance shi.

Yawan masu fama da shi

A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara ɗaruruwan binciken da aka yi kan batun, inda ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa. Binciken Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Amurka ya nuna cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na manya abin ya zame musu jiki.

Alaƙarsa da yanayin rai

An daɗe ana ɗaukar jan ƙafa a matsayin rashin iya tsara lokaci, shi ya sa ake ba mai fama da shi shawarar ya rubuta jadawali. Amma mafi yawansu sun san abin da ya kamata su yi da lokacin da ya kamata su yi shi. A wata maƙala ta 2013, masana halayyar ɗan Adam Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana cewa tushen matsalar shi ne gudun ɓacin rai. Aikin yana tayar da wani abu marar daɗi, kamar gundura, ko tsoron faɗuwa, ko ruɗani kan ta inda za a fara, ko jin haushin wanda ya ba da aikin. Da mutum ya ce "sai gobe", nan take zai ji sanyi a ransa. Wannan ɗan sanyin shi ne ladan da ke koya wa ƙwaƙwalwa ta sake gudu a karo na gaba.

Wani gwaji da Dianne Tice da abokan aikinta suka wallafa a 2001 ya ƙarfafa wannan fahimta. Sun sa wasu ɗalibai cikin ɓacin rai, sannan suka ba su lokaci su yi shirin wata jarrabawa, ga kuma abubuwan wasa a gefe. Waɗanda ransu ya ɓaci sun fi karkata ga wasa. Amma waɗanda aka sa suka yarda cewa babu abin da zai canja yanayin ransu a wannan lokacin ba su ja ƙafa haka ba, tun da wasan ba shi da amfanin da zai yi musu.

Sauƙin ba ya daɗewa. Aikin yana nan, lokaci ya ragu, ga kunya da zargin kai sun ƙaru a kai, sai aikin ya fi na jiya muni. A 1997 Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin ɗalibai tsawon zangon karatu. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da lafiya, amma zuwa ƙarshe sun fi su damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Wannan ya raunana iƙirarin da wasu ke yi cewa sai an ƙure musu lokaci suke aiki mai kyau.

Abin da ke rage shi

Tun da zargin kai yana cikin abin da ke rura wutar, tsananta wa kai bai cika yin magani ba. A 2010 Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett na Jami'ar Carleton sun gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu. Binciken Peter Gollwitzer kuma ya nuna amfanin ɗaura niyya da takamaiman lokaci da wuri: "bayan sallar La'asar zan zauna a laburare in karanta babi na uku" ya fi "zan yi karatu yau" yiwuwar cika. Akwai kuma dabarar Pomodoro ta Francesco Cirillo, wato aikin minti 25 sannan ɗan hutu, wadda babban amfaninta shi ne sauƙaƙa farawa.

Jan ƙafa ba cuta ba ce da likitoci ke ganowa a kan kanta, amma yakan zo tare da ciwon damuwa, da yawan fargaba, da matsalar rashin tattara hankali da ake kira ADHD. Yakan kuma biyo bayan ƙarewar ƙarfi saboda matsin aiki na dogon lokaci, yanayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninsa a 2019 a matsayin abin da ke tasowa daga wurin aiki. Idan jan ƙafar ya haɗu da rashin barci, ko yanke ƙauna, ko daina jin daɗin abubuwan da aka saba so har tsawon makonni, abin ya wuce na jadawali, ana buƙatar ganin likita.