Ƙuri'ar 'Yan Gidan Yari

A watan Disambar 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ɗan gidan yari yana da 'yancin jefa ƙuri'a, bayan wasu fursunoni biyar sun kai hukumar zaɓe ƙara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada hakan. To amma zaɓen 2019 ya wuce, na 2023 ma haka, akwati bai shiga Agodi ba.

Jama'a, mu nan Sabo abin ya shafe mu. Yawancin na ciki jiran shari'a suke, alƙali bai ce sun yi laifi ba. Yaranmu 'yan acaɓa nawa aka kwasa a kame, katin zaɓe na aljihunsu? 'Yan takara dai za su zo fadar Sarkin Hausawa neman ƙuri'a, sai mu tambaye su.