Tutocin Tarihi da Koyar da Kishin Ƙasa a Makarantun Firamare na Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Kowace safiya ɗaliban firamare a Nijeriya kan yi sahu a gaban tuta, su rera taken ƙasa, sannan su yi alkawarin biyayya wanda aka shigar makarantu a 1976. Idan aka tambayi yaro ma'anar tutar, amsa a bakinsa take: kore na nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuwa zaman lafiya da haɗin kai. Amsar daidai ce, sai dai hadda ce kawai, domin yaron bai san wace tuta aka sauke kafin a ɗaga wannan ba, balle ya san dalili. Wannan maƙala ta bi diddigin wasu tutoci da aka taɓa kafawa a ƙasar nan, domin nuna cewa kalmar "tuta" ta sauya ma'ana sau uku, kuma wannan sauyi shi ne ainihin darasin da ya kamata ya isa ga ɗalibi.

2.0 Tuta a Matsayin Izini

Kafin zuwan Turawa, tuta a ƙasar Hausa ba alamar wata ƙasa mai iyaka ba ce, izini ce da shugaba kan danƙa wa mutum hannu da hannu. Bayan fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba almajiransa tutoci domin su jagoranci jama'a a yankunansu. Daga cikinsu akwai Modibbo Adama a Fombina, da Buba Yero a Gombe, da Yakubu a Bauchi, da Malam Musa a Zazzau, da Ummarun Dallaje a Katsina. Wanda ya karɓi tuta ya ɗauki amana ke nan, kuma ikonsa ya rataya ne ga wanda ya ba shi. Wannan ne ya sa tuta ta kasance abin da ake mutuwa a gindinta, kamar yadda ya faru a Giginya a watan Maris na 1903, da kuma Burmi a watan Yuli na shekarar, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu.

Harshen Hausa ya adana wannan tsohuwar ma'ana. Har yau akan ce wane ya ciri tuta idan ya yi fice cikin tsararsa, wato ana jingina tutar ga mutum ɗaya. Saboda haka yaron da ya tashi da Hausa yakan shigo aji da wata fahimta ta kalmar, wadda malami zai iya ɗora darasi a kanta.

3.0 Tuta a Matsayin Shaidar Mallaka

Ma'ana ta biyu ta zo tare da Turawan Ingila. Kamfanin Kwara, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, yana da tutarsa da yake kafawa a tashoshin cinikinsa. Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke ta a Lakwaja, aka ɗaga tutar Ingila a gaban Gwamna Lugga. Babu ɗan ƙasar da aka danƙa wa wannan tuta. A kan ƙasar aka kafa ta, domin sauran ƙasashen Turai su san cewa wurin yana da mai shi.

Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, aka yi wa Nijeriya tuta mai launin shuɗi, da tutar Ingila a kusurwar sama, da jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida, wanda aka sani da hatimin Annabi Sulaimanu. A tsakiyar tauraron akwai kambin sarautar Ingila da sunan Nijeriya. Lugga ya bayyana daga baya cewa ya ga zanen ne a jikin wani kofin tagulla da aka samo lokacin da aka ci Kwantagora. Wannan tauraro shi ne a jikin kwabo mai huji da anini, waɗanda har yanzu akan samu a adakar tsofaffi. Tsarin tutar kaɗai ya isa darasi: sunan ƙasar na nan, amma a ƙarƙashin kambin wani yake. Yaro ɗan aji biyar zai iya gane wannan da idonsa tun malami bai ce komai ba.

4.0 Tuta a Matsayin Alamar 'Yan Ƙasa

Da 'yancin kai ya gabato, gwamnati ta sa gasar zanen sabuwar tuta, aka kuwa sami zane kusan 3,000. A 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, wani ɗalibi ɗan shekara 23 daga Ibadan da ke karatu a Landan, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskawa a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. An ɗaga tutar a filin sukuwa na Ikko da tsakar daren da aka shiga 1 ga Oktoba, 1960. Akinkunmi ya rasu a 2023.

Abin lura a nan shi ne abin da babu a jikin tutar. Babu rubutu a kowane harshe, babu alamar wani addini, babu tambarin wata sarauta ko jiha. A ƙasar da ke da ɗaruruwan harsuna, duk alamar da aka sa za ta zama ta wasu ban da wasu. Haka kuma ba sarki ne ya ba da ita ba, ba baƙo ne ya kafa ta ba. Ɗan talaka ne ya zana ta a gasar da aka buɗe wa kowa. A nan ne tuta ta tashi daga hannun mutum ɗaya ta koma ta jama'a baki ɗaya.

Wannan ma'ana ta gamu da jarrabawa daga 30 ga Mayu, 1967 zuwa Janairun 1970, lokacin da aka ɗaga tutar Biyafara mai launin ja da baƙi da kore, da rabin rana mai tsirkiya 11 da ke wakiltar lardunan Jihar Gabas. Malamai da yawa kan tsallake wannan babi don gudun tayar da tsohon miki. To amma a aji guda akan sami jikokin waɗanda suka yi yaƙi a ɓangarorin biyu, kuma abin da makaranta ta ƙi faɗa yaro zai ji shi a waje, daga bakin da ba lallai ya yi adalci ba. Ya fi dacewa a gaya masa a taƙaice cewa an taɓa samun tutoci biyu a ƙasar nan, an yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, yawancinsu yara irinsa, kafin a dawo ƙarƙashin guda.

5.0 Matsalar Harshe a Cikin Aji

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin a azuzuwan farko na firamare, don haka nauyin kalmomi ya faɗo kan masana harshe. Kalmar "ƙasa" a Hausa na nufin turɓaya, da yanki kamar ƙasar Kano, da kuma Nijeriya ɗungurungum. Idan aka ce wa yaro "tutar ƙasa", dole a fayyace wace ƙasa ake nufi. Misali mafi kusa shi ne na Katsina da Maraɗi: harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma yaron Maraɗi na tsayawa ne a gaban tutar Nijar mai ruwan goro da fari da kore, wadda aka amince da ita a 1959. Daga nan ɗalibi zai fahimci cewa zama ɗan ƙasa daban, ƙabila daban. Haka nan yana da kyau a bincika abin da "àsíá" ke ɗauke da shi a Yarabanci, da "ọkọlọtọ" a harshen Ibo, domin kowace kalma da tarihinta.

Ta fuskar aiki kuwa, ba a bukatar kaya masu tsada. Malami zai iya zana tutocin a allo bisa jerin shekarunsu, ya kawo tsohon kwabo yara su taɓa, sannan ya yi tambayoyi uku a kan kowace tuta: wa ya yi ta, wa ya ɗaga ta, kuma su wa take wakilta?

6.0 Kammalawa

An ga yadda tuta ta kasance izini a ƙarni na 19, ta zama shaidar mallaka daga 1900, sannan ta koma alamar 'yan ƙasa a 1960. Ɗalibin da ya bi wannan jeri zai san cewa tutar da yake gani kowace safiya zaɓa aka yi, bayan an sauke wasu, kuma an taɓa zubar da jini a kan ci gaba da zamanta. Ya rage ga masana harsunan Nijeriya su samar da ƙananan littattafai da daidaitattun kalmomi da za su isar da wannan tarihi ga yaro cikin harshen da yake tunani da shi.