Hanyar Ruwa Ta Birnin Manchesta

Manchesta babban birni ne a arewacin Ingila, ba ya bakin teku, amma ya yi shekara 88 manyan jiragen ruwa suna shiga har cikinsa. Wanda ya ke so ya ga yadda aka yi haka, sai ya bi gefen kogin da mutane suka haƙa da hannunsu, ya fara daga unguwar da a ke kira Castlefield.

Asalin wannan kogi gawayin ƙasa ne, wato kwal. Wani basarake, Duke na Bridgewater, yana da ramukan kwal a Worsley, amma dawakai da kekunan kaya ba su iya kai shi gari sai da tsada. Sai ya ɗauki wani gwanin aiki mai suna James Brindley, suka haƙa hanyar ruwa, aka buɗe ta a 1761. Ba a daɗe ba kuɗin kwal a Manchesta ya ragu da wajen rabi. Da kwal ya yi araha, injuna suka yawaita, masaƙu suka cika gari. Siririyar hanyar da masu yawo ke bi yau a bakin ruwan, ta dawakai ce, su ne ke jan jiragen da igiya. Har yanzu akwai tsofaffin sito na jan bulo, waɗansu da ƙofofi a ƙasa inda jirgi kan shiga cikin ginin a sauke masa kaya.

In mutum ya miƙa yamma, sai ya iso Salford, inda babbar tashar jiragen ruwa ta ke a dā. Dalilin gina ta kuwa, audugar da masaƙu ke bukata a Libaful a ke sauke ta, kuɗin tasha da na jirgin ƙasa suka yi wa attajiran Manchesta nauyi. A 1882 wani mai masana'anta, Daniel Adamson, ya tara su a gidansa, suka ƙulla shawara su jawo teku zuwa garinsu. Mutanen Libaful suka yi tsaye a kan ba za a yi ba, sau biyu Majalisa tana ƙin yarda, sai a 1885 ta amince. Aka fara haƙa a 1887, leburori dubbai suka yi ta fama da laka da ambaliya, waɗansu suka rasa rayukansu. Tsawon kogin mil 36 ne, ya ci kuɗi wajen fam miliyan 15. Sarauniya Victoria ta buɗe shi a 1894. A Barton, inda tsohon kogi ya ƙetare sabo, aka yi gadar ƙarfe cike da ruwa, wadda ke juyawa gefe in babban jirgi zai wuce. Tana nan har yau.

Wannan ciniki ya taɓa ƙasar Hausa. Yadin akoko da alawayyo da aka riƙa sayarwa a kasuwannin Kano, da yawa saƙar yankin nan ne. A Manchesta kuma aka kafa ƙungiyar B.C.G.A. a 1902, wadda ta sa injin gurzar auduga a Zariya, tana sayen audugar manoma tana aikawa Ingila.

To, amma kome ya yi farko yana da ƙarshe. Jiragen kwantena suka zo, sun fi ƙarfin kogin, masaƙu kuma suka yi ta rufewa sabo da yadin waɗansu ƙasashe ya fi araha. A 1982 aka rufe tashar, leburori suka rasa abin yi, ruwan ya zama baƙi ƙirin, ga ɗoyi. Daga baya aka tsabtace shi, aka yi gidaje da gidan wasan kwaikwayo, a 2011 kuma BBC ta kawo waɗansu ofisoshinta nan.

Manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya guda biyu masu launin shuɗi su ne suka rage suna tuna wa mutane aikin kakanninsu. Jama'a sun roƙa a bar su, amma a 2013 hukumar Salford ta rushe su, ta ce gyaransu ya yi tsada. Abin da mai yawo zai gani yanzu shi ne tsohon ofishin tasha, da katangun dutse na bakin ruwa, da guntayen ƙarafan da a ke ɗaure jirage a jikinsu.