Yadda Wasan Kurket Ya Zo Arewa Ya Tsaya A Harabar Makaranta

Kurket wasan ƙauye ne tun asalinsa. Shaida mafi daɗewa da ake da ita a rubuce ta fito ne daga wata shari'ar fili da aka yi a garin Gilfod na kudancin Ingila a 1598, inda wani dattijo mai suna John Derrick ya shaida wa kotu cewa shi da abokansa sun yi wasan a filin nan tun suna 'yan makaranta, kimanin shekara hamsin kafin lokacin. Yara ne suka fara, manoma da masu sana'ar hannu suka karɓa, daga baya masu kuɗi suka shigo da caca. An rubuta dokokinsa a 1744, aka kafa ƙungiyar MCC a Landan a 1787. Duk da haka wasan bai bar ƙauye ba. Tun 1972 ake gasar kofin ƙauyuka a can, ana buga wasan ƙarshe a filin Lord's, kuma 'yan wasan ba a biyansu ko sisi.

Babban abokin gabarsu ruwan sama ne. Kakarsu tana farawa a Afrilu ta ƙare a Satumba, kuma yayyafi kaɗan ya isa ya tsayar da komai. Ƙwallon na fata ne, da ya jiƙe sai ya yi santsi a hannun mai jifa. Tsirin filin da ke tsakiya, mai tsawon yadi 22, shi ma in ya sha ruwa ƙwallo ba ya tashi yadda ya kamata. Sai mutum goma sha ɗaya na kowane ɓangare su koma rumfa, su sha shayi, su yi ta duban gari, wani lokaci har Asabar da Lahadi su wuce ba a jefa ko ɗaya ba. Matsalar ta kai har wasu masana lissafi biyu, Duckworth da Lewis, suka ƙirƙiro hanyar fitar da wanda ya ci idan ruwa ya katse wasa, hukumar kurket ta duniya kuma ta karɓe ta a 1999.

Zuwansa Najeriya ta teku ne, tare da Turawan mulki. A 1904 aka kara tsakanin Legas da ƙasar da yanzu ake kira Gana. A farkon shekarun 1930 har ƙungiyoyi biyu ake da su, ɗaya ta Turawa, ɗaya ta 'yan ƙasa, ba su haɗe ba sai a 1957. A Arewa kuwa ƙofar da ya bi ita ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Malaman Turawa sun ɗauki kurket a matsayin horo: ka jira layinka, ka yarda da hukuncin alƙali, ka bi kyaftin. Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi a can, ya kuma riƙe ƙaunarsa har girma. Ɗaliban da Barno ta tura, irin su Shettima Kashim Ibrahim wanda ya gama a 1929 ya dawo gida koyarwa, sun tarar da wasan a cikin tsarin makarantar.

A lokacin Maiduguri kanta sabuwa ce. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa, wato Maiduguri, kusa da barikin Turawa, garin ya riƙa girma a kewayen fada da kasuwa. Abin lura shi ne, yanayin Barno ya fi na Ingila dacewa da wannan wasa nesa ba kusa ba. Damina a nan ba ta wuce Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk sarari ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, ana iya tsara wasa kowace Asabar ba tare da an ɗaga kai an dubi hadari ba. Rashin ciyawa ma ba hujja ba ne, domin a ƙasashe masu zafi an daɗe ana daɓe ƙasa a shimfiɗa tabarmar zaren kwakwa a yi wasa a kai.

To me ya hana shi yaɗuwa? A ganina, dubi 'yan uwansa da suka zo tare. Ƙwallon dawaki ya samu Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ƙasa mai dawaki da mahaya. Wasan ƙwallon bango, wato Fives, bai nemi komai ba sai bango da tafin hannu da ƙwallon tanis, shi ya sa har yau ake buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Tamaula kuwa ko da tsumma aka ƙulle ta yi. Kurket shi kaɗai ya ce sai sandar itace na musamman daga Ingila, da ƙwallon fata, da kariyar ƙwauri, da fararen kaya, da yini guda cur. Kayan suna kulle a sito na makaranta, mabuɗi yana hannun malamin wasanni. Yaro ya gama makaranta, ya rabu da wasan ke nan. Da malaman suka tafi, kuɗin sayo kaya daga waje ya yi wuya, sai filayen suka koma na ƙwallon ƙafa.

Kasuwar Litinin ta Maiduguri ce ma'aunin wannan magana. Abin da mutanen Maiduguri ke so, a can yake bayyana. Za ka ga rigunan Arsenal da Barcelona, ka ji hirar El-Kanemi Warriors da suka ɗauko kofin ƙalubale a 2024, amma da wuya ka samu mai tambayar sandar kurket. Ba laifin 'yan kasuwa ba ne. Mutanen da gobarar kasuwar ta Fabrairun 2023 ta cinye wa shaguna, ambaliyar madatsar Alau ta sake shafe su a Satumban 2024, ba za su zuba jari a hajar da babu mai nema ba.

Sai dai Pakistan ta nuna cewa tsadar kaya ba ƙaddara ba ce. Samarin Karachi sun ɗauki ƙwallon tanis suka naɗe shi da salatif na masu gyaran wuta, suka mai da lungu fili, kuma manyan masu jifansu da dama daga nan suka taso. Najeriya ma ta fara farkawa. Ta zama mamba a hukumar duniya da sunanta a 2002, samarinta 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. A Janairun 2025, a Malesiya, ruwa ya hana 'yan matanmu buga wasansu na farko da Samowa, ya kuma rage tsawon na biyu, amma suka doke Niyu Zilan da maki biyu.

Ina kira ga hukumar kurket ta ƙasa da ma'aikatar wasanni ta Jihar Barno da kada su maimaita abin da aka yi shekara ɗari da ta wuce. Ƙwallon tanis da salatif ana samunsu a kasuwa, kafinta kuma zai sassaƙa sanda daga katakon gida. A ba yaran Gwange da Bulumkutu da Hausari kayan a hannunsu su tafi da su unguwa, a kuma fara da zarar damina ta ɗauke.