Tarihin fitilar keke da abin da keken kishingiɗa ke koya mana

Da yawa daga cikinmu na ɗaukar fitilar keke kamar kayan ado. Idan ƙwanta ya ƙone sai a cire ta a jefar, yaro ya ci gaba da hawa haka nan. Amma wannan ƴar fitila ta haura shekara 140 a duniya, kuma an sha rigima a kanta har gaban majalisar dokoki. Tushen rigimar tambaya ɗaya ce: idan dare ya yi, wa ke da alhakin a ga juna a kan hanya, mai keke ko mai mota?

A shekarun 1870, keken da ake yayi a Ingila yana da ƙatuwar taya a gaba da ƴar ƙarama a baya, mahayi na can sama kamar mai raƙumi. Fitilarsa ta mai ce da lagwani, ana rataya ta a cibiyar tayar gaba, tana lilo tsakanin wayoyi. Wanda ya yi suna wajen ƙera ta shi ne Joseph Lucas na birnin Bamingam, mutumin da ya taɓa yin tallar kananzir gida-gida. Wajen 1880 fitilarsa mai suna King of the Road ta karɓu ƙwarai.

A 1888 majalisar Ingila ta yi dokar da ta sa keke cikin jerin ababen hawa, ta kuma wajabta masa fitila daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta. Fitilar da dokar ta nema ta gaba ce kawai. Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani da wuya a sami abin da ya fi keke gudu a kan hanya. Shi ake tsoro ya buge mai tafiya ƙasa ko ya firgita doki. Ba wanda ya damu da bayansa, tunda ba abin da ke cim masa.

Haske ya ƙaru bayan 1892, lokacin da Thomas Willson, ɗan Kanada, ya gano hanyar yin dutsen kabayid da araha, irin wanda masu walda ke jiƙawa da ruwa. A fitilar keke, ruwa na ɗiga kan dutsen, iskar gas ta tashi, a kunna ta, ta ba da farin haske mai ƙarfi. Daga nan sai batir da dinamo suka shigo. Dattawanmu sun san dinamon nan mai kama da kwalba da ke gogar taya yana kuka. A 1936 kamfanin Sturmey-Archer ya fito da wanda aka gina a cikin cibiyar taya. Aibin dinamon da shi ne, da ka tsaya sai wuta ta ɗauke, alhali a mararraba ne mai keke ya fi bukatar a gan shi.

Zuwan mota ya juya lamarin. Haɗari ya koma bayan mai keke. Hukumomin Ingila suka so wajabta jar fitila a baya, amma babbar ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar, CTC, wadda aka kafa a 1878, ta yi shekaru tana adawa. Hujjarsu ita ce, wajibi ne direba ya yi gudun da zai iya tsayawa cikin tazarar da fitilarsa ke haska masa. Suka ce idan aka ɗora wa mai keke nauyin nuna kansa, ranar da ƙwansa ya ƙone aka take shi, shi za a ba laifi. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939 aka kashe fitilun tituna don gudun jiragen yaƙi, sai aka tilasta jar fitilar, kuma a 1945 majalisa ta mai da ita doka ta dindindin.

A Jamus kuwa wani abu ya faru a 1937. Gwamnatin Nazi ta wajabta wa sababbin kekuna ɗan gilashin nan mai mayar da haske a jikin feda. Wanda ke da rajistar ƙirƙirarsa, Anton Loibl, tsohon direban Hitler ne, kuma rundunar SS na da kaso a kamfaninsa, saboda haka dokar ta zame musu hanyar kuɗi. Niyyar ba ta da kyau, amma abin ya yi amfani har yau: haske biyu masu hawa da sauka na shaida wa direba tun daga nesa cewa mutum ne ke tuƙa keke.

Duk waɗannan dokoki an yi su ne da tunanin keke irin wanda muka sani, mahayi zaune a tsaye bisa sirdi. Akwai kuwa wani iri, wanda za mu kira keken kishingiɗa: mahayi na jingine a kujera mai mazaunin baya, ƙafafunsa miƙe a gaba suna juya feda. Charles Mochet, wani maƙeri a Faransa, ya ƙera irinsa a farkon shekarun 1930. Ranar 7 ga Yuli 1933, a birnin Paris, Francis Faure, ɗan tseren da ba ya cikin sahun gaba, ya hau shi ya ci kilomita 45 da ƴan mitoci cikin awa ɗaya, ya karya bajintar Oscar Egg ta kilomita 44 da ɗoriya, wadda ta tsaya tun 1914. Sirrin shi ne iska ba ta tare mai kishingiɗe kamar yadda take tare na tsaye. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi muhawara, a 1934 ta fitar da ƙa'idar da ta hana irin wannan keke shiga tserenta.

Hukuncin ya shafi har kasuwa. Masana'antu na bin abin da gwanayen tsere ke hawa, don haka keken kishingiɗa ya kusa ɓacewa na tsawon shekara 40. Sai a shekarun 1970 masu sha'awarsa a Amurka suka farfaɗo da shi da tasu gasar. A 2016, a jihar Nebada, Todd Reichert ɗan Kanada ya yi gudun kilomita 144 a awa cikin wani keken kishingiɗa mai rufi, da ƙarfin ƙafarsa kaɗai.

Da keken ya dawo kan titi, mahayansa suka tarar kayan hasken kasuwa ba don su aka yi ba. Gilashin feda yana kallon sama da ƙasa, kuma jikin mahayi ya tare shi daga baya. Fitila a wurin riƙo tana haska gwiwoyinsa maimakon hanya. Ga shi keken gajere ne, musamman mai ƙafa uku, wanda kujerar wasunsu ba ta kai rabin mita daga ƙasa ba, don haka mota ɗaya a tsakani ta isa ta ɓoye shi. Sai suka nemo mafita: farar fitila can gaban feda, jar fitila a ƙololuwar kujera ko a hular kwano, tuta bisa doguwar sanda, da tef mai mayar da haske a gefe da jikin taya saboda masu fitowa daga kwana. Fitilar LED ta sauƙaƙa musu: farin LED ya shigo kasuwa a 1996, bayan aikin masanan Japan uku da suka sami kyautar Nobel a 2014. Wuta kaɗan yake ci, ba ya kuma ƙonewa da girgiza.

Keken kishingiɗa ba a cika ganinsa a Maradi ko Damagaram ba, amma matsalarsa tana nan tare da mu. Keken hannu mai ƙafa uku na ƴan uwanmu naƙasassu, mahayinsa zaune yake ƙasa-ƙasa. Keken yaro ɗan shekara goma gajere ne. Amalanken jaki ba ta da haske ko kaɗan. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirga, wadda Nijar ke ciki, ta nemi kowane keke ya kasance da birki, ƙararrawa, jan gilashi mai mayar da haske a baya, da abin da zai nuna farin haske ko rawaya a gaba da ja a baya.

Malamin lissafi na iya sa ɗalibai su auna abin da kansu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba bai hango yaro ba sai da ya rage mita 40, bai kai daƙiƙa biyu ba tsakaninsu. A ƙara da hazon hunturu, da yadda duhu ke rufowa da sauri bayan magariba, daidai lokacin da yara ke dawowa daga makarantar allo ko aiken gida.

Abin da iyaye za su duba kaɗan ne. Farar fitila a gaba, a ɗan sunkuyar da ita kada ta kashe idon mai zuwa. Ja a baya, a wurin da ya fi tsayi, inda jaka ko riga ba za ta rufe ba. Kada a sa farar tocila a baya, don direba zai zaci keken tahowa yake. Gilashin feda a bar shi, a kuma goge masa ƙura. Batir na mutuwa, gilashi ba ya mutuwa, don haka a haɗa biyun.

Hujjar mahaya keken Ingila kuma ba ta tsufa ba, duk da sun sha kaye a majalisa. Yawancin iyaye da malamai masu karanta wannan rubutu suna tuƙa babur ko mota. Ku sa wa kekunan ƴaƴanku fitila, sa'annan idan kun hau naku abin hawan da dare, ku yi gudun da za ku iya tsayawa idan ɗan wani ya ɓullo gabanku ba fitila.