Jijiya a Matsayin Waya Mai Yoyo: Nazarin Fiziks a kan Saurin Saƙo a Jikin Ɗan Adam

Tsakure

Saƙon da ke bin jijiya na lantarki ne, amma ba ya wuce mita 120 a sakan guda, alhali saƙon da ke bin wayar jan ƙarfe yana kusantar gudun haske. Wannan maƙala ta bi sawun dalilin hakan, ta hanyar nazarin gwaje-gwajen da aka wallafa tun daga 1850 da kuma sake lissafa wasu adadi daga ƙa'idojin fiziks. Hujjarta ita ce zaren jijiya ba wayar kirki ba ne, kuma yawancin siffofinsa, wato kaurinsa da rufin kitsen da ke kansa da kuzarin da yake ci, duk dabarun shawo kan wannan nakasu ne. A ko'ina cikin maƙalar, jijiya na nufin mai ɗaukar saƙo, ba ta jini ba.

Gabatarwa

Masunta a kogin Neja da tafkin Chadi sun san minjirya tun kafin a san batir. Girgizar da take yi wa mai taɓa ta kan kai bolt ɗaruruwa, kuma tana fitowa ne daga ƙwayoyin halitta da aka jera bi da bi, kowace na ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na bolt. Irin wannan ɗan ƙaramin ƙarfi ne ke aiki a jijiyar mutum. A Turai, Luigi Galvani na Bolonya ya wallafa gwajinsa na ƙafar kwaɗo a 1791, jayayyarsa da Alessandro Volta kuma ta haifar da batir na farko a 1800. Sai dai masana sun ci gaba da zaton cewa saƙon jijiya ya fi ƙarfin aunawa saboda sauri, har Hermann von Helmholtz ya rushe zaton a 1850 a Königsberg. Ya tsokani jijiyar kwaɗo a wurare biyu, ya auna bambancin lokacin da tsoka ta motsa, ya samu kusan mita 30 a sakan. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na gudun sauti a iska ba.

Batirin da ke jikin tantani

Kowace ƙwayar jijiya tana lulluɓe da tantanin kitse mai kaurin kusan nanomita 5. Ciki da wajensa duk ruwan gishiri ne, amma ba iri ɗaya ba: fotasiyam ya fi yawa a ciki, kusan 140 a ma'aunin milimola in aka kwatanta da 5 a waje, sodiyam kuwa akasin haka, kusan 145 a waje da 12 a ciki. Ƙa'idar da Walther Nernst ya fitar a ƙarshen shekarun 1880 ta nuna cewa a zafin jikin mutum, duk bambancin ninki goma a yawan ayon mai caji ɗaya yana daidai da milibolt 61. In aka saka waɗannan adadi, fotasiyam na jan cikin ƙwaya zuwa kusan milibolt 90 ƙasa da sifiri, sodiyam na jan sa zuwa sama da 60 a saman sifiri. Ƙwayar da ke hutawa tana zama kusa da 70 ƙasa da sifiri, domin a lokacin ƙofofin fotasiyam ne suka fi buɗewa. Julius Bernstein ne ya fara danganta lamarin da fotasiyam a 1902.

Milibolt 70 kamar ba komai ba ne. To amma a raba shi da kaurin tantanin, za a samu bolt miliyan 14 a kowace mita, kusan ninki biyar na abin da ke sa iska ta fashe da tartsatsi. Ƙarfin filin lantarkin nan ne ke lanƙwasa sunadaran da ke cikin tantanin, wato ƙofofin, har su buɗe ko su rufe.

Darasi daga wayar ƙarƙashin teku

Lissafin da ya fi bayyana jijiya ba domin ita aka ƙirƙire shi ba. A tsakiyar shekarun 1850 William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, yana nazarin wayar tangaraho da ake shirin shimfiɗawa a ƙarƙashin tekun Atlantika. Ya nuna cewa waya mai rufi da ke kwance cikin ruwan gishiri tana ajiye caji a jikin rufinta, don haka saƙo ba ya isa sai ya fara cika wannan ma'ajiya, kuma jinkirin na ƙaruwa da tsawon waya sau kansa: in tsawo ya ninka biyu, jinkiri ya ninka huɗu. Wayar 1858 ta mutu cikin 'yan makonni, sai a 1866 aka samu mai ɗorewa.

Zaren jijiya shi ma waya ce mai rufi cikin ruwan gishiri, amma halinsa ya fi muni ta kowace fuska. Ruwan da ke cikinsa yana turje wa lantarki fiye da jan ƙarfe sau miliyoyi gommai. Rufinsa siriri ne, saboda haka yana ajiye caji mai yawa, kusan maikrofarad ɗaya a kowace santimita murabba'i, kuma yana yoyo. Kamar kwatar ban ruwa ce da aka haƙa a rairayi: ruwan da aka zuba a bakinta yana nitsewa tun kafin ya kai komin ƙarshe. Alan Hodgkin da William Rushton sun auna waɗannan siffofi a 1946, kuma sakamakon ire-iren wannan awo shi ne cewa saƙon da aka bari ya tafi da kansa yana rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a tazarar da ba ta wuce milimita kaɗan ba, a siraran zaruruwa ma ƙasa da milimita ɗaya. Daga ɗan yatsan ƙafa zuwa laka kuwa akwai kusan mita guda.

Mafita ɗaya ce: a riƙa sabunta saƙon a kan hanya. Gano yadda ake sabunta shi ya jira dabbar tekun nan da ake kira sikwid, wadda J. Z. Young ya nuna a 1936 cewa tana da zare mai kaurin rabin milimita zuwa milimita guda, wanda za a iya zura waya a cikinsa. A 1939 Kenneth Cole da Howard Curtis a Woods Hole ta Amurka sun ga turjiyar tantani ta faɗi kusan sau 40 yayin wucewar saƙo. A shekarar nan Hodgkin da Andrew Huxley a Plymouth ta Ingila suka ga abin da hasashen Bernstein bai tanada ba: cikin zaren ba sifiri kawai yake komawa ba, zarce shi yake yi. Yaƙin duniya ya katse aikin. Da suka dawo, maƙaloli biyar da suka fitar a 1952 sun warware lamarin. Ƙofofin sodiyam ne ke fara buɗewa, sodiyam ya kwararo ciki, hakan ya ƙara buɗe wasu ƙofofin; cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan sai su rufe, na fotasiyam su buɗe su mayar da ƙwaya inda take. Cajin da ya shigo ya malala gaba kaɗan, ya tayar da sashen da ke maƙwabtaka.

Abin da ya ɗaga darajar aikin a ganina shi ne hasashen da ya yi. Huxley ya warware lissafin da injin ƙidaya na juyawa da hannu, ya samu cewa saƙo zai yi gudun mita 18.8 a sakan. Da aka auna a zaren, an samu 21.2. Ba a saka gudu cikin lissafin tun farko ba, fitowa ya yi daga turjiya da ma'ajiyar caji da lokacin buɗewar ƙofofi. Amsar tambayar Helmholtz ke nan: saƙo na jinkiri domin a kowane mataki sai an cika tantani ta cikin ruwa mai turjiya, sannan a jira sunadari ya motsa.

Kauri ko rufi

Hanya biyu ce ta ƙara sauri. Ta farko ita ce kauri, wadda sikwid ta bi, kuma tana da tsada: a zare marar rufi, sai kauri ya ninka huɗu kafin gudu ya ninka biyu. Jijiyar ganin mutum na ɗauke da zaruruwa sama da miliyan guda cikin kaurin milimita 3 zuwa 4. Da kowane zare zai yi rabin milimita, da kaurin jijiyar ya haura rabin mita, ya fi kan da ke ɗauke da ita.

Hanya ta biyu ita ce rufin mayalin, wanda dabbobi masu ƙashin baya suka dogara da shi. A jijiyoyin gaɓoɓi, ƙwayoyin Schwann na naɗe zare da tantaninsu sau gommai, wani lokaci fiye da ɗari. Naɗin yana toshe yoyo, yana kuma rage cajin da ake buƙata, tunda ya nisanta ruwan ciki da na waje. Ana barin 'yan gurabe tsirara masu tsawon kusan maikromita ɗaya, waɗanda Louis Ranvier ya bayyana a shekarun 1870, kuma a nan ƙofofin sodiyam ke cunkushe. A manyan zaruruwa tazarar gurbi da gurbi takan kai milimita ɗaya zuwa biyu. Ichiji Tasaki a 1939, da Huxley tare da Robert Stämpfli a 1949, sun tabbatar da cewa a waɗannan gurabe kaɗai ake sabunta saƙo. Yanzu gudu na tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri, kusan mita 6 a sakan ga kowane maikromita, shi ya sa zare mai maikromita 20 ke kai mita 120. Ya fi na sikwid siranta sau 25, ya fi shi gudu kusan sau shida. Rushton ya lissafa a 1951 cewa gudu ya fi kyau idan zaren ciki ya kai kusan kashi 60 cikin ɗari na dukan kaurin, kuma abin da ake gani a madubin ƙara girma bai yi nisa da haka ba.

Jiki bai raba wannan rufi ga kowa ba. Wanda ya taka garwashi yana jin zafi iri biyu: wani mai tsini nan take, ta zaruruwa masu siririn rufi da ke gudun mita 5 zuwa 30, sai raɗaɗi da ke biyo baya bayan sakan guda ko fiye, ta zaruruwa marasa rufi da ke tafiyar kusan mita ɗaya a sakan. Kuturta ma a nan take ɓarna. Ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin Schwann ne, ta fi son sassa masu sanyi kamar jijiyar da ke bin gwiwar hannu, kuma idan jin zafi ya ɗauke, ƙuna da rauni da ba a ji ba su ne ke cinye yatsu sannu a hankali.

Kuɗin wuta da iyakar siranta

Kowane saƙo na shigo da sodiyam da dole a fitar. Famfon da ke yin haka, wanda Jens Skou ya gano a 1957 a jijiyar ƙaguwa, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane zagaye. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarin mutum a hutu, wato kusan wat 20 ga ƙwayoyin jijiya biliyan 86, kuma kaso mai tsoka na tafiya ne ga wannan famfo. Siririn zare ya fi arha, amma siranta ma tana da iyaka. Tun da Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna kwararar ƙofa guda a 1976, an san ƙofofin na buɗewa ne bisa katari saboda motsin zafi. Aldo Faisal da abokan aikinsa sun lissafa a 2005 cewa ƙasa da kaurin kusan maikromita 0.1, buɗewar ƙofa ɗaya tak ta isa tayar da saƙon ƙarya, kuma siraran zaruruwan da aka sani a dabbobi a wannan iyaka suke tsayawa.

Abin da lissafin 1952 bai ɗauka ba

Akwai awo biyu da lissafin Hodgkin da Huxley bai yi magana a kansu ba. Jijiya na fitar da ɗan zafi yayin wucewar saƙo sannan ta sake tsotse mafi yawansa, kamar yadda A. V. Hill da abokan aikinsa suka auna a 1958, kuma zaren na ɗan kumbura, kamar yadda Tasaki da Kunihiko Iwasa suka nuna a 1980. A kan haka Thomas Heimburg da Andrew Jackson na Kwafanhagin suka kawo shawara a 2005 cewa saƙon igiyar matsi ce da ke bin tantanin kitse. Awon gaskiya ne, kuma cika ma'ajiyar caji da zazzage ta na bayyana wani ɓangare na zafin. Amma shawarar ba ta da gamsasshiyar amsa ga tambaya mai sauƙi: me ya sa dafin kifin fugu, wanda ƙofar sodiyam kaɗai yake toshewa, ke kashe saƙo gaba ɗaya ko da ɗan mitsitsi ne? Har sai ta amsa wannan, kumburin ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin abin da ke rakiyar saƙon lantarki.